Nawa Ƙasa Ke Kashewa Wajen Kare Dazuzzuka Da Namun Dajinta?

A ranar 19 ga watan Disamba, 2022, wakilan ƙasashe kusan 190, har da na Nijeriya, suka amince da wani shiri a birnin Montreal na ƙasar Kanada, wanda ya tanadi cewa kafin shekarar 2030 za a riƙa tara aƙalla dala miliyan dubu 200, watau biliyan 200, a kowace shekara domin kare ire-iren halittun da ke doron ƙasa. Abin da ake nufi da ire-iren halittu shi ne dukan abubuwa masu rai tare da mazauninsu: namun daji da tsuntsaye, itatuwa da ciyayi, kifaye da ƙwari, da kuma dazuzzuka da fadamu da tafkunan da suke rayuwa a cikinsu.

Yin alkawari a zauren taro ba shi da wuya. Amma duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗi ya san ba a cewa an ƙara sai an san abin da ke hannu tun farko. Saboda haka tambayar da ta biyo wakilan nan har gida ita ce: nawa ne ƙasarku take kashewa yanzu a kan wannan aiki, daga wane aljihu, kuma a kan me? Ga ido tambayar mai sauƙi ce, amma shekara fiye da goma ke nan tana ba manyan ƙasashe da ƙanana wahala. Ƙasar da ta kasa amsa ta ba ta da ta cewa in an zo rabon taimako, domin ba ta iya nuna giɓin da take so a cike mata. Haka nan kuma 'yan majalisarta da talakawanta ba su da hanyar da za su gane ko masu gadin daji sun sami abin da aka ce an ba su.

MAFARIN ZANCEN

A watan Yuni na shekarar 1992 ne aka buɗe Yarjejeniyar Kare Ire-iren Halittu don sa hannu a babban taron duniya na birnin Rio de Janeiro a ƙasar Birazil. Ta fara aiki ran 29 ga Disamba, 1993, Nijeriya kuma ta tabbatar da ita a 1994. Sashe na 20 na yarjejeniyar ya ɗora wa kowace ƙasa nauyin ba da kuɗi gwargwadon ƙarfinta, ya kuma ɗora wa ƙasashe masu arziki nauyin taimakon masu tasowa da sababbin kuɗi. Sashe na 26 ya wajabta wa kowa kawo rahoton abin da ya aikata.

A 2010 aka taru a Nagoya ta ƙasar Japan aka tsara buri guda 20 da ake kira Burin Aichi, na ƙarshensu kuwa a kan kuɗi yake. Bayan shekara biyu, a taron Hyderabad na ƙasar Indiya, aka yarda za a ninka taimakon da ke zuwa ƙasashe masu tasowa kafin 2015, aka ɗauki matsakaicin abin da aka bayar daga 2006 zuwa 2010 ya zama ma'auni. A nan ne kuma aka fara neman aƙalla kashi 75 cikin ɗari na ƙasashen da suka sami isasshen taimako su bayyana abin da suke kashewa a cikin gida, da abin da suke bukata, da giɓin da ke tsakani. A 2014, a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, aka fito da fom na musamman don wannan rahoto. Ƙasashe da dama ba su cike shi ba, waɗanda suka cike kuwa kowa da irin mudun da ya auna. Da aka zo yin hisabi a watan Satumba na 2020, sai aka ga babu ko ɗaya daga cikin burin nan 20 da aka cika gaba ɗaya, guda shida ne kawai aka cika wani sashe nasu.

Wannan ya sa shirin Montreal ya zo da nasa ma'auni. Daga cikin biliyan 200 ɗin nan, an nemi ƙasashe masu arziki su riƙa ba masu tasowa aƙalla biliyan 20 a shekara kafin 2025, da biliyan 30 kafin 2030. Kowace ƙasa kuma za ta nuna alƙaluma iri uku: kuɗin gwamnatocin waje, kuɗin gwamnatin gida, da kuɗin 'yan kasuwa da ƙungiyoyi. Taron da aka yi a Cali ta Kolombiya ya watse a farkon Nuwamba, 2024, ba a gama maganar kuɗi ba, saboda wakilai sun ragu har ba su isa yanke shawara ba. Sai a birnin Rum, a ƙarshen Fabrairu, 2025, aka ƙarasa. Ranar 28 ga Fabrairu, 2026, ita ce wa'adin da aka yanka wa ƙasashe na miƙa rahotonsu na bakwai, wanda shi ne na farko a ƙarƙashin sabon shirin.

ALƘALUMA BIYU A SHEKARA GUDA

A shekarar 2020 an fitar da manyan rahotanni biyu a kan abin da duniya ke kashewa. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu arziki, wadda aka fi sani da OECD, ta ce daga 2015 zuwa 2017 ana kashe tsakanin dala biliyan 78 da 91 a shekara. A ciki, biliyan 67.8 kuɗin gwamnatoci ne a cikin ƙasashensu, tsakanin biliyan 3.9 da 9.3 taimakon ƙasa da ƙasa ne, tsakanin biliyan 6.6 da 13.6 kuma na 'yan kasuwa da ƙungiyoyi ne. Shi kuwa rahoton da Cibiyar Paulson ta Amurka ta fitar tare da abokan aikinta cewa ya yi a 2019 an kashe tsakanin biliyan 124 da 143, alhali ana bukatar tsakanin biliyan 722 da 967. Daga nan aka samo zancen giɓin dala biliyan 700 a shekara, wanda ya shiga cikin shirin Montreal.

Masana ne suka yi ayyukan biyu, amma bambancin da ke tsakaninsu ya haura dala biliyan 40. Dalili kuwa shi ne kowannensu da shekarun da ya ɗauka, da inda ya ja iyakar abin da zai ƙidaya. Sai dai sun haɗu a kan abu guda: kaso mafi tsoka daga baitulmalin gwamnatoci yake fitowa, a cikin ƙasashensu, taimakon waje kuwa ɗan kaɗan ne in an gwada su. Ke nan gaskiyar lissafin duniya ta dogara ne ga gaskiyar lissafin kowace ma'aikatar kuɗi.

INDA GIZO KE SAƘA

Matsala ta farko ita ce kuɗin a warwatse suke. Babu ƙasar da ke da ma'aikata guda wadda ta haɗa dukan wannan aiki. Gandun namun daji yana ƙarƙashin wata hukuma, gandun itatuwa yana wata, kiwon kifi yana ma'aikatar gona, fadamu da koguna suna hannun hukumomin ruwa, binciken tsirrai yana jami'o'i, kama masu fasa-ƙwaurin hauren giwa kuwa aikin kwastan ne. In ƙasar tarayya ce kamar Nijeriya, sai a ƙara da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, kowa da littafinsa.

Ta biyu ita ce, me za a ƙidaya? Albashin mai gadin daji da man motar sintiri ba su da gardama. To, amma shuka layin itatuwan turare ko dogon yaro don tare iska fa? Aiki ne mai amfani wajen hana kwararowar hamada, sai dai turare daga Ostareliya ya zo, dogon yaro kuma daga ƙasashen Indiya, kuma gonar itace iri ɗaya ba ta ɗaukar tsuntsaye da ƙwari kamar dajin da ya haɗa kuka da gawo da ɗorawa da kaɗanya da tsamiya. In aka sa dukan kuɗin a lissafi an cika baki, in aka fid da su duka an yi rowa.

Ta uku ita ce wadda kowane ma'aikacin gwamnati ya sani: abin da majalisa ta amince da shi daban, abin da baitulmali ya saki daban, abin da aka kashe a wurin aiki kuma daban. Alal misali, a ɗauka an ware wa wani gandu Naira miliyan 100 a kasafi, aka saki miliyan 40, daga ciki miliyan 30 suka tafi gyaran ofis da sayen kujeru. Rahoton da ya rubuta miliyan 100 bai ƙirƙiri lamba ba, amma sintirin miliyan 10 kawai namun dajin suka gani.

Ta huɗu ita ce ƙidaya abu ɗaya sau biyu. Ƙasar waje ta ba da taimako ta rubuta a littafinta, Gwamnatin Tarayya ta karɓa ta rubuta, ta miƙa wa jiha ita ma ta rubuta. In mai tara alƙaluma bai yi hattara ba, Naira ɗaya sai ta zama uku, a koma lissafin dokin Rano. Akwai kuma bambanci tsakanin kyauta da rance, domin rance bashi ne da talakawan ƙasar za su biya.

Ta biyar ita ce darajar kuɗi. A farkon Yuni, 2023, ana canza dala ɗaya a hukumance a kan Naira wajen 460, amma a cikin 2024 ta haura Naira 1,500. Hukumar da aka ninka mata kasafi a tsakanin nan, in an juya shi zuwa dala ko aka auna shi da tsadar mota da taya, raguwa ya yi.

DABARUN DA AKA FITO DA SU

Hanya ta farko ita ce tsarin rarraba kuɗin gwamnati bisa ga irin aikin da suka yi, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya ke amfani da shi. Tsarin ya kasa ayyukan gwamnati gida goma. Gida na biyar shi ne kare muhalli, a cikinsa kuma akwai ɗaki na huɗu na kare ire-iren halittu da shimfiɗar ƙasa. Amfaninsa shi ne ana iya gwada ƙasa da ƙasa. Da shi ne aka ga ƙasashen Tarayyar Turai suna kashe wajen kashi 0.1 cikin ɗari na dukan abin da tattalin arzikinsu ke samarwa a wannan ɗaki. Illarsa kuwa ita ce kowace Naira ɗaki ɗaya take shiga: kuɗin gandun itatuwa da na kifi suna faɗawa gidan tattalin arziki, saboda haka ba a ganin su a nan.

Hanya ta biyu ta masu ba da taimako ce. Tun daga 1998 ƙasashen OECD suke yi wa ayyukan taimakonsu alamar da ake kira alamar Rio. Aikin da kare halittu ne babbar manufarsa ana ba shi maki 2, wanda ya taɓa batun amma ba shi ne babbar manufa ba ana ba shi maki 1, saura kuwa sifiri. Mai ba da kuɗin shi ke ba kansa maki. Tarayyar Turai takan ƙidaya kashi 40 cikin ɗari na aikin da ya sami maki 1, amma in wani ya ƙidaya shi duka, sai aikin dala miliyan 10 ya fito miliyan 4 a littafi ɗaya, miliyan 10 a ɗaya. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa alƙaluman taimako da aka ambata a sama suka tashi daga biliyan 3.9 har 9.3.

Hanya ta uku ita ce ta shirin BIOFIN, wanda Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaddamar a 2012, yanzu kuma ya game ƙasashe fiye da 130. Matakansa huɗu ne. Da farko a duba dokoki da hukumomin da abin ya shafa. Sa'an nan a bi littattafan kuɗinsu na shekaru da dama layi-layi, a ba kowane layi kasonsa: wanda kare halittu ne ainihin aikinsa a ɗauka duka, saura a ɗauki kashi 75 ko 50 ko 25 ko ƙasa da haka, a kuma rubuta dalili. Na uku a lissafa abin da shirin ƙasa zai ci. Na huɗu a tsara hanyoyin cike giɓin.

Da ƙasar Filifin ta bi wannan hanya, ta gano shirinta na bukatar kuɗinta na feso wajen biliyan 24 a shekara, alhali wajen biliyan 5 ake kashewa, watau kashi ɗaya cikin biyar. Ƙasar Ailan ta gano ta kashe yuro biliyan 1.49 daga 2010 zuwa 2015, kuma mafi yawansu ta hannun ma'aikatar gona suka bi, a matsayin ladan manoma masu kiyaye filayensu, hukumar gandun daji kuwa kaso kaɗan ta riƙe. Faransa ta ƙara gaba a 2020, inda ta haɗa kasafin kuɗinta na 2021 da wata takarda mai nuna wane layi ne ke amfanin muhalli, wane ne ke cutar da shi. Ita ma Tarayyar Turai ta sa wa kanta burin kashe kashi 7.5 cikin ɗari na kasafinta a kan wannan aiki a 2024, da kashi 10 a 2026 da 2027.

YADDA ABIN YAKE A NIJERIYA

Mai neman amsar tambayar nan a Nijeriya zai fara ne da Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, wadda aka kafa a 1999, da Hukumar Gandayen Namun Daji ta Ƙasa da ke ƙarƙashinta. Hukumar ta daɗe tana riƙe da gandaye bakwai: Tafkin Kainji, wanda shi ne na farko tun 1979, da Gashaka-Gumti mafi girmansu, da Kamuku ta Birnin Gwari, da na Tafkin Cadi, da Kuros Riba, da Tsohuwar Oyo, da Okomu. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da ƙara wasu goma, har da Falgore ta Kano, da Kogo ta Katsina, da Baturiya ta Jigawa, da Allawa ta Neja, da Pandam ta Filato. Kowane sabon gandu yana bukatar ma'aikata da motoci da hanyoyin sintiri, kuma lissafi ne kaɗai zai nuna ko kuɗi sun bi sunan.

Tarihin Yankari ya isa misali. An kafa gandun a 1956 zamanin Gwamnatin Jihar Arewa, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. Daga nan ya koma hannun Jihar Arewa Maso Gabas, sa'an nan Jihar Bauci, ya zama na Tarayya a 1991, aka mayar wa Jihar Bauci a 2006. Daga baya kuma wata ƙungiyar kare namun daji ta Amurka, WCS, ta shiga taimakon jihar wajen aikin sintiri. Wanda ya duba littafin Tarayya kaɗai zai ga kamar an daina kashe wa Yankari kuɗi a 2006, wanda ya duba na Bauci kaɗai zai ga kamar a ran nan aka fara. Ga shi kuwa daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, inda ɗaya daga cikin manyan garkunan giwayen da suka rage a ƙasar nan yake, a lokacin da shirin ƙasa na kare giwaye na 2024 ya ƙiyasta cewa giwaye 300 zuwa 400 ne suka saura a Nijeriya duka.

Bayan gandaye, akwai Asusun Gyaran Muhalli da aka kafa a 1981, wanda ake cirewa daga asusun tarayya. Akasarin ayyukansa na zaizayar ƙasa ne da ambaliya, kuma an sha yin ƙorafi a majalisa da jaridu game da yadda ake sarrafa shi. Akwai Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda aka yi wa doka a 2015, mai aiki a jihohi goma sha ɗaya na bakin hamada, daga Kabi da Sakkwato har Barno da Adamawa. Akwai takardun lamuni na ayyukan muhalli da gwamnati ta sayar, na Naira biliyan 10.69 a Disamba, 2017, da na biliyan 15 a 2019, waɗanda wani sashensu ya tafi dashen itatuwa. Akwai kuma shirin ACReSAL na rancen dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disamba, 2021, don jihohin Arewa 19 da Abuja. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da rabon da ya shafi kare halittu, amma babu wanda za a ɗauka ɗungurungum.

Abin farin ciki shi ne kayan aikin suna nan. Tsarin lambobin asusu na ƙasa, wanda Tarayya da jihohi ke rubuta kasafinsu da shi, ya ba kowane layi lambobi shida: na hukumar da za ta kashe, na irin abin da za a saya, na aikin da kuɗin za su yi, na shirin da suke ciki, na asusun da suka fito, da na wurin da za a kashe su. A lambar aiki, 70541 ita ce ta kare ire-iren halittu da shimfiɗar ƙasa. Idan jami'in kasafi ya sa kuɗin gandu a ƙarƙashin yawon shaƙatawa, ko ya jefa su cikin lambar tarkacen ayyukan muhalli don sauri, sun ɓace wa mai bincike. Idan kuma ya sa kwasar shara a 70541, ya kumbura alƙaluman ƙasa. Rahoton da za a karanta a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya daga teburin wannan jami'i yake farawa.

HANNUN DAMA NA GINI, NA HAGU NA RUSHEWA

Lissafin da ya tsaya a kan abin da aka kashe wajen kariya rabin lissafi ne. OECD ta ƙiyasta cewa gwamnatocin duniya suna kashe wajen dala biliyan 500 a shekara a kan tallafin da ke iya cutar da halittu, watau ninki biyar ko shida na abin da ake kashewa wajen kare su. Saboda haka buri na 18 na shirin Montreal ya nemi ƙasashe su tantance irin wannan tallafi kafin 2025, su rage shi da aƙalla biliyan 500 a shekara kafin 2030.

Fadamar Haɗejiya da Nguru ta nuna yadda aikin raya ƙasa kansa ke da farashin da ba ya fita a littafi. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Calawa kuma a 1992, kuma babu mai musun amfaninsu ga noman rani da ruwan shan Kano. Amma sun rage ambaliyar da ke cika fadamar kowace damina, wadda masunta da makiyaya da manoman shinkafa da tsuntsayen da ke zuwa daga Turai suka dogara da ita, ciyawar kacalla kuma ta toshe magudanai. Binciken da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa ruwan da ya isa fadamar ya fi kawo amfani a kan irinsa da aka tare don noman rani a sama. A shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru da magudanar Marma cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci. Duk Nairar da ake kashewa yau wajen yashe magudanai da sare kacalla tana iya shiga rahoto a matsayin kare halittu, alhali gyaran ɓarnar da wani layin kasafi ya jawo ne.

KO KUƊIN NA AIKI?

Wani bincike da Anthony Waldron da abokansa suka buga a 2017 ya duba ƙasashe 109, ya gano cewa dala biliyan 14.4 da aka kashe daga 1992 zuwa 2003 sun rage asarar halittu da kimanin kashi 29 cikin ɗari a matsakaiciyar ƙasa. Watau kuɗin da suka isa wurin aiki suna aiki. A Jumhuriyar Nijar, raƙuman dawan yankin Kure da ke kusa da Yamai sun ragu har saura 49 a 1996, amma da gwamnati da ƙungiyoyi da mutanen ƙauyuka suka tsaya musu, sun haura 600 cikin shekara ashirin da 'yan kai.

A gefe guda kuma, akwai aikin da babu littafin gwamnatin da ya rubuta shi. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna yi musu sassabe, har aka ƙiyasta sun farfaɗo da kadada wajen miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Ita kuwa Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka, wadda aka ƙaddamar a 2007 da burin gyara kadada miliyan 100, rahoton 2020 ya nuna kadada wajen miliyan 4 aka gyara a yankin da aka shata mata. A Janairu, 2021, aka yi mata alkawarin dala biliyan 14.3 a birnin Paris, har sai da aka kafa ofishi na musamman don bin sawun alkawuran. Wannan ya nuna yawan kuɗi shi kaɗai ba ya isa shaida, tilas a ajiye shi gefe ɗaya da yawan giwaye da faɗin daji da kifin da masunta ke kamawa.

AIKIN DA KE GABA

Rahoton da zai amfani ƙasa ba ya bukatar wata sabuwar hukuma. Yana bukatar Ma'aikatar Muhalli da Ofishin Kasafin Kuɗi da Ofishin Babban Akanta da Hukumar Ƙididdiga su zauna da takwarorinsu na jihohi su yarda da ma'ana guda da kaso guda, su buga su kowa ya gani, kada a canza su daga shekara zuwa shekara. Kowane layi ya nuna abin da aka amince, da abin da aka saki, da abin da aka kashe. A raba albashi da ayyukan daji, a raba kyauta da rance, a nuna asalin kowace Naira don kada a ƙidaya ta sau biyu. Alƙaluma ƙanana na gaskiya sun fi amfani wajen neman taimako da wajen muhawarar kasafi, domin su ne ke nuna girman giɓin.

Ɗalibai ma suna da rabonsu. Dokar Kula da Kashe Kuɗin Gwamnati ta 2007 ta wajabta buga rahoton aiwatar da kasafin Tarayya kowane wata uku, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wa mai tambaya. Jihohi da yawa suna sa kasafinsu da rahotanninsu a intanet. Ɗalibin ilmin gandun daji ko na akanta da ke neman abin da zai rubuta a shekararsa ta ƙarshe yana iya ɗaukar kasafin jiharsu na shekara biyar, ya nemo lamba 70541 da ta gandun itatuwa, ya gwada abin da aka ware da abin da aka saki, sa'an nan ya je dajin ya tambayi masu gadi motoci nawa ke tashi. An yanka wa ƙasashe ranar 30 ga Yuni, 2029, don miƙa rahoto na takwas, shekara ɗaya kafin cikar wa'adin 2030, kuma lambobin da za su shiga cikinsa su ne waɗanda jami'an kasafi ke rubutawa daga yanzu.